ƘARANCIN ABU KO KYANSA: ME KE BA 'YAR TSANA DARAJA?

Akwai kalmomi biyu a Hausa waɗanda muke yawan cuɗa su a baki kamar ma'anarsu ɗaya, alhali kuwa kowace da inda ta dosa, watau tsada da daraja. In aka ce abu ya yi tsada, maganar kasuwa ake yi, maganar abin da mai saye zai zaro daga aljihunsa. In kuwa aka ce abu yana da daraja, to, an shiga maganar matsayinsa a zukatan mutane, ko an sa masa kuɗi ko ba a sa ba. Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta cikin wannan ɗan rubutu ita ce: idan abu ya yi ƙaranci, har ya zama ba kowa ke iya samunsa ba, wanne ne daga cikin biyun nan yake ƙaruwa? Tsadarsa ce kurum, ko har da darajarsa? Sa'an nan kuma, ya dace mutum ya so abu domin kawai wasu ba su da shi?

Abin da zan auna wannan magana da shi shi ne 'yar tsana. Na san wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai yi murmushi, ya ce ɗalibar jami'a ta rasa abin rubutu sai wasan yara. To, a yi mini haƙuri. Da ƙaramin abu aka fi gane halin mutum, domin a kan abinci da magani kowa yana da hujjar buƙata, amma a kan 'yar tsana babu abin da ke jan mutum sai son zuciyarsa tsantsa. Inda babu buƙata kuwa, nan ne ake ganin so a fili.

'YAR TSANAR GIDA

Mu da muka tashi a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun mun tarar da ƙarshen 'yar tsanar gargajiya. Ba a sayenta, yarinya ce ke yin abarta, ko yayarta ta yi mata. Bayan kaka, in an kawo kara gida, sai a zaɓi gaɓa mai kauri a yanke, a yi mata kai da danƙo ko da tsumma, a kitsa mata gashi da baƙin zare. Wasu da totuwar masara suke yi. Wasu kuma sukan jira babbar salla, su sami ƙashin ƙafar rago, su wanke, su shanya, su ɗaura masa tsakiya da guntun atamfa. Yaran da gidajensu ke kusa da fadama da yumɓu suke ginawa, su ajiye a rana ta bushe. In an gama, sai a goya ta, a yi mata wanka na ƙarya, a raɗa mata suna, har a yi mata biki da 'yan kayan ɗaki na fasassun ƙore da marfin kwalba. A cikin wasan nan yarinya ke fara koyon goyo da kitso da ɗaurin zane da tsarin biki, tun ba ta san koyo take yi ba. Malamai ma sun yi rangwame a kan wannan wasa, domin ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta.

Abin lura a nan shi ne, babu abin da ya kai 'yar tsanar kara araha. Kara yana ko'ina, zare yana ko'ina. Amma duk wanda ya taɓa ganin yarinyar da ƙanenta ya karya mata 'yar tsana ya san ba a rarrashinta da cewa ga kara can cike da dangi. Za ta ce ita ɗiyarta take so. Ashe tun a tsakar gida muna da shaidar cewa abu yana iya zama da daraja ƙwarai ba tare da ya yi ƙaranci ko tsada ba.

'YAR TSANA MAI GAƁOƁI

Yanzu bari mu leƙa wata duniyar. A shekarar 1999 wani kamfani mai suna Volks, a birnin Kiyoto na ƙasar Jafan, ya fito da wata irin 'yar tsana da ya kira Super Dollfie. Tsayinta ya kai wajen santimita 60. Da wata irin roba mai tauri da nauyi ake zuba ta, kuma kowace gaɓa tata, wuya da kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, an yi ta ne da dunƙule mai juyawa cikin gurbi, aka ratsa igiyar roba ta cikin jikin ta riƙe su. Saboda haka tana zama, tana tsayawa, tana karkata kai kamar mutum. Ana canja mata idanu da gashi, ana kuma yi mata zanen fuska da hannu. Dabarar gaɓoɓin ba sabuwa ba ce, masu ƙira na Jamus da Faransa sun yi irinta tun ƙarni na 19, amma daga Jafan ne wannan sabon yayi ya tashi, kamfanonin Koriya ta Kudu da na Sin suka bi sahu.

Masu sayen waɗannan ba yara ba ne. Manya ne masu aikin yi, waɗanda ke tara su kamar yadda wani ke tara littattafai. Guda ɗaya takan ci ɗaruruwan dalolin Amurka, wata ma ta haura dubu. Abin da ya shafi maganarmu shi ne yadda ake sayar da su. Akwai waɗanda kullum ana samunsu. Akwai kuma waɗanda kamfani zai ce ya buga adadi kaza ya rufe, ko ya buɗe karɓar oda na ɗan lokaci, in ya wuce shi ke nan. Wasu ma guda ɗaya tak ake yi, sai an jefa ƙuri'a kafin a san wanda zai sami damar saye. Kowace tana zuwa da takardar shaida. In adadin ya ƙare, wanda bai samu ba sai ya nemi na hannu, a nan kuwa kuɗin yakan wuce na asali nesa ba kusa ba. Robar ɗaya ce, ƙirar sau da yawa ba ta fi ta waɗanda ake samu kullum ba. Abin da aka ƙara biya, na ƙarancin ne.

HUJJAR MASU CEWA ƘARANCI SHI NE KOME

Ba zan yi wa masu wannan ra'ayi rowar gaskiya ba, hujjarsu tana da ƙarfi. Tun a 1776 Adam Smith, masanin tattalin arziki na ƙasar Sikotilan, ya lura da cewa babu abin da ya kai ruwa amfani, amma ba a sayen kome da shi, lu'ulu'u kuwa amfaninsa kaɗan ne, amma ana ba da dukiya mai yawa a kansa. Bahaushe ma ya san da haka, shi ya sa da ya so kwatanta sa'a sai ya ce mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa, watau sayar da ruwa a bakin kogi abin mamaki ne, domin yawansa ya kashe kuɗinsa.

Tarihin kuɗinmu ma shaida ne. Wuri daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake zuwa, nisan tafiyarsa ya sa ya yi wuyar samu, har ya zama kuɗi a ƙasar Hausa. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjawa da dala ɗaya ta azurfa. Amma tun daga shekarun 1840 fataken Jamus suka fara jibgo wani irin wuri daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, jirgi bayan jirgi. Da ya yi yawa sai ya yi ta faɗuwa, har ɗaukarsa ya zama wahala. Wurin bai canja kama ba, yawansa ne ya karya shi.

Ga kuma misalin da ya fi kowanne ban mamaki. Akwai wani kan sarki da aka buga a 1856 a Giyana ta Ingila, a Kudancin Amurka, na aninin ƙasar guda. Guda ɗaya tak aka san ya rage a duniya. Ɗan guntun takarda ne ja, ya dusashe, an yanke kusurwoyinsa, wanda in ka tsince shi a hanya ba za ka sunkuya ba. A 2014 an yi gwanjonsa a Niyok a kan kusan dala miliyan 9 da rabi. Wanda ya saya ba kyau ya saya ba, ya sayi kasancewar babu na biyu.

Saboda haka na yarda, ba tare da ja-in-ja ba, cewa ƙaranci yana ƙara tsada. Mai tara 'yan tsana da ya ce ƙaranci ba ya taɓa lissafinsa, to, kasuwa za ta ƙaryata shi. Sai dai mai karatu ya lura, duk misalan nan uku a kan tsada suka tsaya. Ba su taɓa daraja ba tukuna.

ƘARANCI IRI UKU NE

A ganina kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar ƙaranci kamar abu ɗaya. Iri uku ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne ƙarancin da gwaninta ke haifarwa. Masaƙin da ya ƙware ba ya iya saƙa tabarma ɗari a mako. Mai zanen fuskar 'yar tsana da hannu, in gwani ne, kaɗan zai gama a wata. A nan abin ya yi kaɗan ne domin hannun da ke iya yinsa kaɗan ne, kwanakin mutum kuma ƙididdigaggu ne. Wanda ya biya da yawa a kan irin wannan bai yi wauta ba, amma a lura da abin da ya girmama: aikin ne da ƙwarewar, ƙarancin inuwarsu ce kawai. Ibn Khaldun ya daɗe da nuna cewa aikin ɗan'adam shi ne tushen abin da ake samu na dukiya.

Na biyu shi ne ƙarancin da zamani ke haifarwa. Abu yana da yawa, sai gara da gobara da ruwa da sakaci suka cinye, ya rage kaɗan. Wannan zan dawo kansa, domin a nan ne nauyin maganar yake.

Na uku shi ne ƙarancin ganganci. Kamfani yana da mazubi a hannu, yana iya zuba dubu, sai ya zuba ɗari ya kulle, domin ya san ɗan'adam yana rububin abin da aka ce ya kusa ƙarewa. Ba na cewa wannan haramun ne. Ɓoye kaya da shari'a ta hana ya shafi abin da jama'a ke matuƙar buƙata, kamar hatsi a lokacin yunwa, kuma babu wanda zai kwana da yunwa don bai sami 'yar tsana ba. Ƙaramin mai sana'a ma yana da uzuri, domin mazubin yana lalacewa, jarinsa kuma kaɗan ne. Amma dabarar iri ɗaya ce da ta mai kulle rumbu ya jira bazara: ba a ƙara wa kayan kome ba, an rage wa mutane hanyar samu ne. Kowa ya ƙone rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

GWAJI GUDA

Ga wani gwaji da kowane mai tara kaya zai iya yi wa kansa, ko 'yan tsana yake tarawa, ko agogo, ko atamfa. Ya ɗauki abin da ya fi so cikin kayansa, ya ƙaddara cewa gobe da safe an wayi gari kowane gida a unguwarsu yana da irinsa sak. Nasa bai canja ba, ko ƙwarzane bai samu ba. To, son da yake yi masa zai ragu?

In bai ragu ba, abin yake so. In kuwa ya ragu, to, wannan kason da ya zube ba son abin ba ne tun farko. Jin daɗin rashin da wasu ke ciki ne. Wannan magana tana da ɗaci, amma ban ga yadda za a kauce mata ba. Ƙaranci ba sifa ce da ke jikin abu ba, kamar launi ko nauyi ko santsi. Ko ka juya 'yar tsanar nan sau ɗari ba za ka ga inda ƙarancinta yake ba, domin yana can cikin hannayen mutanen da ba su da ita. Mai son abu domin ƙarancinsa, idonsa ba a kan abin yake ba, a kan maƙwabcinsa yake. Yarinyar da ke kuka a kan 'yar tsanar kara ta ci wannan gwaji ba tare da ta sani ba, domin duk ƙawayenta suna da irin tata, bai kuwa rage mata kome ba.

Kada mu ɗauka wannan ciwon mutanen Jafan da Turai ne kaɗai. Iyayenmu mata ma masu tara kaya ne. Jeren ɗakin amarya ya tashi daga ƙore zuwa tasoshi, daga tasoshi zuwa kwalla da samira, har zuwa tangaran na yau, kuma yawancin abin da aka jera ba a taɓa cin abinci a ciki ba. A jere akwai abin yabo: ajiya ce ta mace, wadda takan sayar in ta shiga matsi, kuma shaida ce ta ƙoƙarin uwa da dangi. Amma kowa ya san ana yin jere ne har da don idon 'yan ganin ɗaki, kuma da zarar wani samfuri ya cika gari sai a ce ya zama na kowa, a nemi wanda bai iso kasuwar Talata ba tukuna. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Wannan karin magana ya faɗi gaskiyar halinmu, amma bai ce halin yana da kyau ba.

Akwai wata ƙaramar matsala da masu tara 'yan tsana masu gaɓoɓi ke fama da ita, wadda ke ƙara haska wannan bambanci. Wasu sukan sayi ta asali, su kwafi ƙirarta, su zuba jabu su sayar da araha, kuma yawancin masu tarawa suna ƙyamar wannan ƙwarai. In dalilin ƙyamar shi ne an ci gumin mai ƙira ba da izninsa ba, to, suna da gaskiya, domin sata ce. In kuwa dalilin shi ne yanzu talaka ma zai riƙe irin tasu, to, wannan ba kishin gaskiya ba ne, kishin matsayi ne. Mutum ɗaya yana iya ɗauke da dalilan nan biyu a zuciya, shi ya sa ya kamata ya zauna ya rarrabe su.

WA KE BIYAN KUƊIN ƘARANCI?

Da a ce abin ya tsaya a kan mai kuɗi da kuɗinsa, da sai mu ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ƙasarmu ta ɗanɗana abin da son ƙaranci ke jawowa, kuma a kan wasu mutum-mutumi ne na gasasshen yumɓu.

A 1928 masu haƙar kuza suka tono na farkonsu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka sami wani kai a wajen Jama'a, wani ma'aikacin haƙar ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa don korar dabbobi, har labari ya kai ga Bernard Fagg, wanda daga baya ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Bincike ya nuna irin waɗannan sun haura shekara 2,000. A duba nan da kyau: kan da ke tsaye a gonar doya da kan da ke cikin gilashi a gidan tarihi abu ɗaya ne. Darajarsa tana nan tun yana gona, saninta ne babu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Da masu tara kayan tarihi na Turai da Amurka suka gane cewa abin kaɗan ne kuma tsoho ne, sai kuɗinsa ya tashi, tashin kuɗin kuwa ya aiko da dillalai. Cikin shekarun 1990 aka yi ta tono ba bisa ƙa'ida ba a ƙasar Nok da Katsina da Sakkwato, har da Kwatarkwashi ta nan Zamfara, gabas da Gusau. Doka ta hana, domin tun 1979 aka kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, fitar da irin kayan nan ba da izni ba kuwa laifi ne. Duk da haka kaya suka fita. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin hatsarin sata. A wannan shekarar ce kuma aka baje guda uku a gidan tarihi na Lubur a Faris, biyu na Nok, ɗaya na yankin Sakkwato, abin da ya tayar da ƙura, har a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Me aka yi asara? Mai tono da dare ba ya auna zurfin rami, ba ya adana gawayi da tsingaron da ke kewaye da abin, waɗanda da su ne masana ke gane shekarunsa da irin rayuwar masu shi. Yana neman kai mai kyau ne, sauran ya farfasa ya watsar. Saboda haka duk mutum-mutumin da ya isa ɗakin wani attajiri ya bar rami a baya wanda ba zai ƙara ba da labari ba. Manomin da ya tona ɗan abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, ribar tana wajen dillalai. Mu kuma aka bar mu ba mu san ko su wane ne suka zauna a ƙasar nan kafin kakanninmu ba. Ga abin takaici: kowane tono yana ƙara wa abin ƙaranci, ƙarancin yana ƙara kuɗi, kuɗin yana ƙara tono. Son ƙaranci ya cinye darajar da yake da'awar yana girmamawa.

INDA ƘARANCI YAKE DA HAKKI

To, shin ƙaranci ba shi da wani matsayi ke nan a wajen mai hankali? Yana da shi, kuma a nan ne zan koma kan iri na biyu, wanda zamani ke haifarwa. In littafi yana da kwafi dubu, ɓatan ɗaya asarar mai shi ce. In kuwa kwafi ɗaya ya rage, kamar yadda yake ga wasu rubuce-rubucen ajami da ke cikin gafakar malamai a garuruwanmu, ɓatansa asarar al'umma ce gaba ɗaya. Ƙarancin bai ƙara wa rubutun hikima ko harafi ɗaya ba. Abin da ya ƙara shi ne nauyin da ke kan wanda abin yake hannunsa. Watau ƙaranci yana mai da mallaka ta zama amana. Mai riƙe da abin da babu na biyunsa ya kamata ya ji tsoro fiye da yadda yake jin alfahari, ya adana, ya bari a gani, ya bari a kwafa in ana iya kwafa. Da wannan ake gane mai tarawa na ƙwarai: yana murna in aka sami na biyu, domin nauyi ya ragu a kansa. Mai son ƙaranci kuwa baƙin ciki zai yi.

Yanzu mu dawo gida. A yau 'yar roba ta cika kasuwar Talata Mafara, kuma yarinyar da ta iya kitsa wa kara gashi sai an bincika. Kara da totuwa ba sa jure shekaru, ba wanda ke ajiye su. Lokacin da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ruwa ya ci ƙauyuka a wajen Maradun, mutane suka kwashe abin da za su iya ɗauka, ba na kuwa zaton akwai wanda ya tsaya neman 'yar tsanar ɗiyarsa. In ana maganar ƙaranci tsantsa, 'yar tsanar kara ta zamanin kakanninmu ta fi kowace 'yar Kiyoto wuyar samu. Amma ko sisi ba wanda zai taya. Wannan ya nuna ƙaranci shi kaɗai ko tsadar ma ba ya kawowa, sai ya haɗu da sha'awar masu kuɗi. Ranar da wani baƙo zai zo ya taya ta da dala, ranar za mu fara cewa kayan gado ce. Tsoron da nake ji ke nan, kada mu zama mutanen da ba su san darajar abinsu ba sai an gaya musu kuɗinsa.

KAMMALAWA

Amsata ga tambayar da na fara da ita ita ce: ƙaranci yana ƙara tsada in akwai masu so, yana kuma ƙara nauyin amana a kan mai riƙo, amma ba ya ƙara wa abu kyau ko ma'ana ko ƙwayar zarra. Darajar 'yar tsana, ta Kiyoto ce ko ta Bakura, tana cikin hannun da ya yi ta, da abin da take koyarwa, da zuciyar da ta shaƙu da ita. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, sai dai in mun bar kasuwa ta riƙa gani a madadinsa.

Ina roƙon 'yan wannan ƙungiya tamu, musamman mu masu nazarin Hausa, in mun koma gida hutu mu zauna da iyayenmu mata da kakanninmu, mu tambaye su yadda suke yin 'yar tsana, da sunayen da suke ba ta, da waƙoƙin da suke yi a bikinta, mu rubuta. Wadda ta iya, ta sa a yi mata ɗaya a gabanta, ta koya, ta koya wa ƙannenta. Malamanmu kuma su ba mu dama mu yi kundin kammala karatu a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa. Hanyar girmama abin da ya kusa ƙarewa ita ce a mayar da shi ya yi yawa.

Allah Ya ba mu ikon gane darajar abin da ke hannunmu tun yana hannunmu, amin.